Madarar Bakin Ƙofa

Shekara hamsin da biyu ina ajiye madara a bakin ƙofa.
Kada ku ce tsoro ne.
Toshiyar baki ce.
Mutanen ɓoye na ƙarƙashin tudu suna riƙe da wana,
ni kuwa saniya ɗaya na riƙe, sai haƙuri.

Nan yammacin Ailan, inda teku ke gaigayar dutse,
ruwan sama ba baƙo ba ne, ɗan gida ne.
Ranar da Donncha ya fita ma yayyafi ake yi.
Yana da sha huɗu, ina da tara.
Maraƙi ya tsinke igiya ya faɗa kurmi.
Inna ta ce, "Juya rigarka baibai,
ungo ƙusa, sa a aljihu, ba sa son ƙarfe.
Ko tuffa suka miƙo maka, ce ka ƙoshi."
Ya yi dariya.
Da safe na tsinci ƙusar a kan katanga.

Maraƙi ya dawo shi kaɗai.
Ya zama sa, ya ja garma, ya tsufa.
Inna ta bi Baba bayan coci,
gashina ya bi kumfar teku.

Bara, daren ƙarshen Oktoba,
daren da ake cewa tudu na barin ƙofarsa a buɗe,
na juya rigata, na ɗauki tsohuwar ƙusa.
Itatuwa sun yi gemun gansakuka har ƙasa.
Hanya ta kai ni gun dutse guda sau uku,
sai na zauna na ce mata, "Ni ba yarinya ba ce."
Ta ji kunya, ta miƙe.

Farar ƙaya ta yi fure ba lokacinta ba.
Daga gindinta goge ke tashi,
irin kiɗan da ke sa ƙafa ta manta mai ita.
Wata doguwa ta fito cikin koren tufa,
tana taka ciyawa, ciyawa ba ta rusuna.

Na ce, "Kofi dubu goma sha tara, ko kusa.
Na ji an ce ba kwa kwana da bashi."
Ta dube ni kamar mai duba sararin sama.
Ta tafa hannu sau ɗaya.

Sai ga shi.
Gashi jiƙe, guntuwar igiya a hannu,
tabon da na yi masa da cokali yana nan ja a goshi.
"Iya, sannu. Ko kin ga maraƙi?
Yanzun nan na shigo, rawa ɗaya kawai na tsaya.
In kin bi ta gidanmu, ki ce wa Treasa
kada ta cinye mini dankalina."

Doguwar ta sunkuyo kunnena.
"Naki ne, tafi da shi.
Amma shekarunsa na tsugune a bakin kurmi
kamar masu bin bashi,
kuma su ma ba sa yafewa."

Na dubi hannuna, na dubi nasa.
Me zan kai shi ya gani?
Kabari biyu da rufin da ke yoyo?
Ƙusa ta yi zafi a tafina, ban fito da ita ba.

Na ce, "Maraƙi ya isa gida, yaro.
Treasa ta ce ka ƙarasa rawarka,
ta rufe maka rabonka."
Ya ce, "Ita? Lallai yau za a yi rana!"
Ya juya da gudu.

Har yanzu ina ajiye madarar.
Sai dai yanzu ina ɗumama ta,
in sa dankali biyu a gefe da ɗan gishiri.
Da safe kwanon wayam.
Maƙwabcina Peadar ya ce kyanwarsa ce.
Kyanwa ba ta barin ɓawo a jere a bakin kwano
yadda Inna ta hana, bai taɓa ji ba.