Littafin da Aka Bari a Shagona

Barira, kin bar littafinki a shagona,
mai shuɗin bango, wanda manja ya taɓa gefensa.
Yau kwana tara yana kan teburina.
Na ce wa kaina amana ce, ba zan buɗe ba.
Ranar Talata aka ɗauke wuta,
na buɗe.

Ni mai buga takardu ne a Kabuga.
Takardar haya, katin biki, wasiƙar neman aiki,
su ne cefanen gidana.
Amma ku nake jira,
ku masu shigowa kamar masu neman bashi,
kuna rufe shafi da tafin hannu:
"Malam, ba wani abu ba ne,
ƙarashen labarin wani ne."

Mai labarin ya kashe tsohon direban jirgin ƙasa
a shafin ƙarshe, ya wanke hannu ya tafi.
Ke kika ce ba ki yarda ba.
Kika tashe shi, kika kai shi Fagge,
kika kama masa shagon gyaran agogo,
kika ba shi ciwon gwiwa da maƙwabci mai surutu.
Har shayinsa na sani yanzu:
ba madara, citta da yawa.

Na ji abin da yayanki ya faɗa,
wai kayan aro ba ya rufe katara.
Ki tambaye shi:
in Inna ta aike shi ɗibar wuta a maƙwabta,
tuwon da aka tuƙa da ita na waye?
Mai nono ma da guntun tsamin jiya
take kafa kindirmon gobe,
ban ji wanda ya ce da ita ɓarauniya ba.
Je ki Ƙofar Mata ki tsaya bakin karofi.
Wani ya saƙa farin,
wani ya tsoma shi a baba,
kuma kowa da sunansa ake kiransa.

Ba ke kaɗai ba ce.
Akwai Mudassir mai adaidaita,
daga Bata zuwa Kurna yake saƙa zancensa,
in danja ta tsayar da shi ya rubuta layi biyu
a bayan takardar cin tara.
Akwai Tasalla mai ɗinki a Gwammaja,
ta aurar da wasu biyu da mai su ya raba,
ta yi musu 'ya'ya har uku,
ta rasa sunan na huɗu, ta zo tana tambayata.
Ɗan'asabe kuwa ya daina.
Mutum ɗaya ya yi masa dariya a majalisa,
shi ke nan.
Har yau in ya wuce ƙofar shagona
sai ya kau da kai, ni kuma in ji kamar an yi mini rashi.

Ba zan yi miki daɗin baki ba.
"Kwatsam" ta yi yawa, na ƙirga sha bakwai.
Babi na uku ya yi ta zagaye
kamar baƙo a lungunan Yakasai.
To, sai me?
Wa ya taɓa ɗinka hular kirki
bai warware ta farko ba?
Rubuta mai rauni, gobe ki ɗora masa,
wanda ba a rubuta ba ne ba shi da magani.

Kuma kada ki ƙirga masu karatu.
In uku ne, uku ne.
Ɗaya daga cikinsu yana da furfura
da tabarau mai ɗaurin zare.

Ki zo ki karɓi littafinki.
Shafi na arba'in da ɗaya ya tsaya a tsakiya:
"Ya buɗe murfin agogon, sai ya ga"
Ya ga me, Barira?
Jiya a sahun Isha'i abin ya faɗo mini,
sai da na yi ƙabli.
Kuɗin bugu na yafe.
Ki kawo mini sauran.