Takalmi a Kan Soro

Shekara goma na goyi tankin feshi a fadamar Auyo,
har yau kafaɗata na warin magani.
Jiya Zulai 'yar Barau ta zo da ɗan jirgi
mai farfela huɗu, yana ƙugi kamar zirnaƙo.
Kafin shayina ya huce
ta feshe eka biyu,
ko laka ba ta taka ba.

Na ce, to, leƙa min soro,
damina ta matso.

A wayarta na ga tsaga kusa da indararo,
sai ga takalmin roba, wari ɗaya, ɗan mitsitsi,
wanda Ɗanjuma ya cilla sama
shekarar da ƙyanda ta ɗauke shi.

Ta ce, Baba, ka ga ɓarnar?
Na ce, na gani.