Alli a Cikin Jini

Matakala ɗari da sittin da biyu
daga bakin teku zuwa ƙofarmu a Valparaíso.
Herminia ce ta ƙirga su, ba ni ba.
Shekara talatin tana koyar da lissafi,
ba ta iya ganin abu ta bar shi ba adadi.

Ciwon ya fara daga mama,
ya tsallaka ƙashin ƙugu
kamar ɗan hayar da ya raina ɗaki ɗaya.
Suka ba ta ƙwaya, fara, ba ta kai maɓallin riga ba.
Suka ce da sinadarin jikin mace ciwon ke kalaci,
ƙwayar za ta rufe masa tukunya.
Muka yi murna. Na sayo kifi.

Kwana na shida ta kama shan ruwa
kamar rairayin Atacama.
Kofi, kofi, buta, har ta kafa baki a famfo.
Dare ɗaya ta tashi fitsari sau bakwai,
wannan karon ni na ƙirga.
Ciki ya ɗaure tamau.
Miyar da na dafa ta harare ta
kamar ta taɓa yi mata ƙarya.

Ni kuwa, gwanin jinya,
na ce ai ƙashi ne ya yi laushi.
Na ɗauko ƙwayoyin kalsiyam da ƙanwata Fresia ta kawo,
biyu da safe, biyu da dare, a kora da madara.
Ashe kwalekwale na nitsewa
ni kuma ina ɗebo masa ruwa.

Kwana na tara ta kira ni da sunan mahaifinta.
Ta ce, yara sun shiga aji, wa ya ɓoye allina?
Na ce, Herminia, bakwai sau takwas?
Ta dube ni. Ta dubi taga.
Wani jirgi ya yi kuka can ƙasa.
Shiru.

Ni da Eleuterio mai gidan burodi
muka sauko da ita a kan kujerar cin abinci.
Ba ta da nauyi. Abin da ya karya mini gwiwa ke nan.

Likita Quezada, yarinya ce ƙarama,
ta ɗaga takardar gwajin jini:
kalsiyam ya yi ambaliya.
Ta ce yakan faru a makonnin farko
in ciwon ya riga ya sauka a ƙashi.
Kafin yunwa ta kayar da shi sai ya yi bore,
ƙashi ya saki ajiyarsa, jini ya kwashe,
ƙoda ta galabaita, tunani ya dagule.
Na zaro kwalbar Fresia daga aljihu.
Ba ta yi mini faɗa ba.
Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ƙarin ruwa, leda bayan leda,
da wata allura mai lallashin ƙashi ya riƙe nasa.
Ina kallon ɗigo, ina tuna hannunta da yamma,
fari fat, tana goge shi a gefen siket.
An ce alli da ƙashi 'yan gida ɗaya ne.
Shekara talatin tana ƙarar da na makaranta,
yau nata ke narkewa a ciki, ba allo, ba ɗalibi.

Rana ta uku da asuba,
ban tambaya ba, idonta a rufe, ta ce:
Hamsin da shida, Baldomero.
Kuma ka aske gemun nan.

An mayar da ita kan ƙwayar, a hankali.
Duk Talata mu sauka a ɗebi jini.
In mun dawo takan huta a mataki na arba'in,
da na casa'in da ɗaya, inda magen maƙwabta ke kwana,
sannan ta rubuta lambar makon da alli
a bayan ƙofar kicin.

Na wannan makon ban gane ba, ko tara ce ko huɗu.
Hannun yana ɗan rawa.
Ban tambaya ba tukuna.