Fangalin Ƙarshe

Bakwai da kwata Haliru ya haɗiye ƙwayar,
fara, ba ta kai wake ba.
Na rubuta lokacin a takarda,
na sake rubutawa a bayan hannuna,
don takarda ta taɓa cin amanata.

Tun asuba muka zura masa zare a dantse,
siriri kamar gashin masara,
ya shiga nan, ya ɓullo can,
ya ratsa inda wani ruwa marar launi yake zaune
shiru, kamar damshin gindin randa.
Ɗan famfo na tura ruwan gishiri,
tafiyar da ko hawainiya sai ta ce masa ya ɗaga ƙafa.
Kowace rabin awa, ɗigo.
Kowane ɗigo, kwalba da lamba.

Haliru ya leƙa kwalbar, ya yi dariya:
"Malama, wanga ɗan ɗigo shi na kuka biɗa tun sahe?"
Na ce shi ne.
Na ce muna so mu san
cikin abin da baki ya karɓa, nawa ya isa fata.
Ya yi shiru. Manomin albasa ne a bakin Rima.
Can ya ce, "To ai na gane.
Ruwan da inji ya ɗebo
ba shi duka ka kai hwangalin ƙarshe ba."

Shekara shida ina karatu,
ban ji wanda ya faɗe shi haka ba.

Ƙwaya kamar lodin Illela ce.
Ciki ya tsare ta, hanji ya duba takardu,
hanta ta yanki nata ba rasit,
jini ya rungume wani kaso ya ƙi saki,
ƙoda na gefe tana zubar da saura.
Abin da ya tsira
shi nake tara a tafin kwalba.

Babana majemi ne.
In fatar akuya ta kwana cikin bagaruwa
sai ya yanki gefe da 'yar wuƙa,
ya ɗaga wa rana:
in da farin layi a tsakiya, jima ba ta ratsa ba,
a mayar.
Shi daga waje yake auna shiga,
ni daga ciki nake auna fita.
Bai rayu ya ga wannan ɗaki ba,
da ya tambayi kuɗin firijin, ya kama baki.

Inna Luba kuwa, wata huɗu tana shan magani
saboda gyambon da suga ya buɗe mata a diddige.
Aka auna jini, jini ya ce ga magani nan birjik.
Diddigen ba a tambaye shi ba.
Ranar da aka cire ƙafar
ni na riƙe takalminta ɗaya har gida.

Biyu da rabi aka ɗauke wuta.
Zafin Sakkwato ya jingina da taga yana jira.
Na tsaya gaban firiji kamar mai gadin jariri
ina ƙirga,
har Mainasara ya ta da janareta a ja na huɗu.

Da dare injin ya zana tuddai biyu.
Na jini dogo ne, ya hau da wuri, ya gangaro.
Na fata ya makara da awa biyu,
gajere, bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba,
amma ya daɗe bai sauka ba.
Mutum ɗaya ne wannan.
Saura goma sha ɗaya kafin in buɗe baki.

Haliru ya tafi da filasta biyu a dantse
da kuɗin mashin zuwa Kwalkwalawa.
Ya bar min albasa a leda, ƙarƙashin benci.
Ɗakin awo duk ya ɗauka.
Har yanzu bakwai da kwata na bayan hannuna,
sabulu bai gama da ita ba.