Tayin Takarda

A Mil Tuwel na koyi ciniki,
gaban tiren Goggo Barira mai tattasai.
Ki taya, a ce albarka,
ki juya baya kamar kin yi fushi,
a kira ki, a sallama, a ɗora miki gyara.

Amma wannan kanti na Ikeja ba shi da baki.
Farashi na manne a goshin kanta,
sanyin na'ura na busa miki ƙeya.
Wa za ki yi wa fushi a nan?
Wa zai ce, dawo, Hajiya, kawo kuɗin?

Sai na koma tayi da takarda.

Akwai gidan tabarau na marigayi Tanimu.
Tabaran ya daɗe da fashewa, gidan ya rage.
A ciki nake kwantar da su,
'yan takardun rangwame da ke fitowa a wutsiyar rasit:
ta shinkafa, ta man gyaɗa,
ta sabulun wanki da na samu a hannun maƙwabciya
a madadin ɗinkin zip.

Ba na kashe su ranar da suka zo.
Ina jira ƙarshen wata,
ranar da kanti zai rataya jan ƙyalle
ya karya farashi da hannunsa.
Sai raƙumi ya durƙusa ake ɗora masa kaya.

Ran Alhamis na rufe keken ɗinki da zane,
na hau danfo daga Agege,
gwiwata a bayan wani, gwiwar wani a bayana,
kwandasta na rataye a ƙofa yana rantsuwa ba shi da canji.

A bakin na'ura, yarinya mai dogayen farata,
sunanta a ƙirji, Morenike,
ta dubi takarduna kamar na miƙa mata ganye.
Mama, ba a haɗa biyu.
Na ce, 'yata, karanta ƙasa,
can inda rubutu ya yi ƙanana kamar ƙwan kwarkwata.
Na kwana uku ina karanta shi da fitilar waya.

Mai kwat a bayana ya ja tsaki,
ya dubi agogo, ya sake duba.
Ban juya ba.
Wanda bai taɓa ƙirga ƙwayar magi ba
ba zai gane abin da ke tsayar da layi ba.

Ta kira babbansu. Ya karanta, ya sosa gemu, ya gyaɗa kai.
Na'ura ta yi ƙit.
Ta sake yin ƙit.
Lambobi suka riƙa saukowa
kamar mai saukowa daga tsani da ɗaurin zane.
Ta madara ce kaɗai ta ƙi:
wa'adinta ya cika jiya.
Jiya! Ina can ina kafa hannun riga.

Dubu uku da ɗari huɗu na ƙwato.
Da dare Sallau ya zauna da biro:
Inna, cire kuɗin mota, zuwa da dawowa,
cire rabin yinin da keke ya yi shiru.
Me ya rage?

Na ce, ƙwai shida suka rage,
ga biyu nan a cikinka.
Ya yi dariya, ya ajiye biro.

Sabon rasit ya zo da sabuwar wutsiya.
Na yanke ta da almakashin ɗinki,
na kwantar da ita kusa da ta madara,
wadda na kasa yarwa.

Ran Asabar na koma wurin Goggo Barira.
Na taya, ta ce albarka.
Na juya baya, ban kai taku uku ba ta kira sunana.
Ta ɗora min attaruhu huɗu a kai,
ba ta tambaye ni takarda ba.