Katako a Kan Kwata

Munkaila ya miƙa wa manhaja rubutu,
ta tofar.
Takardar bayani cewa ta yi: "Ba ta XML."
Ba ta ce a wane kwano ba.

Kwana biyu yana zargin kansa
a shagonsu na Aboabo,
motocin Kejetia na ta ham,
kokonsa ya huce har ya yi fata.

Ashe sunan fayil take karɓa,
ko fayil buɗaɗɗe.
Zallar rubutu kuwa, adireshi take zato,
sai ta tafi neman gidan da babu.

Bai zagi kowa ba.
Layi ɗaya ya ƙara a takardar,
kamar mai gitta katako a kan kwata
saboda wanda zai biyo da dare.