Kwalaben Taga

Ƙarfe tara na isa gonar Brekke,
bayan garin Decorah, inda tudu ke bin tudu
kamar raƙuma a gurfane.
An kwana ana ruwa. Takalmina ya sha laka
tun kafin in yi sallama.

A jakata akwai takardar hukuma, shafi goma sha ɗaya,
da ma'auni, da alƙalamin da ba ya jin raɓa.
Shekara uku ke nan da aka ba Orval kuɗi
ya ja kunyoyi su yi wa gangare ɗamara,
ya bar ciyawa ta tsaya a hanyar ruwa,
ya rufa wa ƙasa asiri bayan an cire masara
kada hunturu ya same ta tsirara.
Ni an aiko ni in ga
ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Orval ba ya nan. Tun watan Maris.
Marlys ce ta fito cikin rigar sanyinsa,
hannun rigar ya haɗiye yatsunta.
Ta ce, je ka auna, ƙasar ba ta gudu ba.
Sai ta murmusa: to, ba duka ba.

Na bi turakun ƙarfen da muka kafa da shi,
arba'in da biyu.
Kowanne sai na durƙusa masa kamar mai gaida suruki,
in duba nawa ƙasa ta janye daga wuyansa.
Na bakwai, kaurin farce.
Na sha tara, ko ƙwayar gero.
Na talatin da ɗaya a kwance na tarar da shi,
ga sawun barewa a gefe.
Wannan a wane gida zan sa shi?

Can ƙasa, inda shingen maƙwabci ya soma,
ruwa ya yi halinsa.
Ya tsaga rami har gwiwata, baƙar ƙasa na zubewa ciki.
Maƙwabcin bai nemi tallafi ba,
ruwa kuwa ba ya karanta yarjejeniya.

Ina tsaye a bakin ramin sai ga Gombe ta faɗo mini,
kwarin da ya ci gonar babana taku-taku,
damina bayan damina,
har ya haɗa da tsamiyar da muke ɗaure jaki.
Ba wanda ya zo da takarda.
Baba da sandarsa yake awo,
ya ce, bana ta ci uku,
ya koma gida, tuwo ya huce a gabansa.

A kicin Marlys ta zuba mini gahawa,
ta nuna taga da haɓa.
Kwalaben zuma ne a jere, ashirin da wani abu.
Duk ranar da aka tafka ruwa, Orval kan gangara rafi
ya ɗebo ɗaya, ya sa kwanan wata a murfi,
ya bar ta ta kwanta.
Ta farko, laka yatsa uku a gindi.
Ta tsakiya, ɗaya da rabi.
Wata ta bara har kana ganin itacen waje ta cikinta.
Ta ƙarshe, rubutun murfin ya sauya hannu.
Ta ce, ta yau ce, da asuba na sauka.

Ɗanta na so a sayar.
Wani kamfani ya taya, masu manyan garmuna
da ba sa son kwana,
layi miƙe suke so, daga kan tudu har bakin rafi.
Ta ce, in ka rubuta an yi nasara,
zai hana su?

Na buɗe shafi na sha ɗaya.
Gida biyu ne kawai:
an cimma buri, ba a cimma ba.
Na rufe alƙalami.

Na ce, ƙara mini gahawar.
Muka zauna, ni da ita,
muna kallon kwalbar yau.
Ruwan bai gama kwanciya ba.